Darasi na Bakwai: Gashin Fukafukan Kaza da Aka Tsuma a Ruwan Lemo

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. zaɓen fukafukai masu kyau da lemo mai ruwa a kasuwa;
2. bayyana aikin da tsami da gishiri da mai da zaƙi suke yi wa nama;
3. haɗa ruwan lemo bisa awo, da sanin tsawon lokacin da nama zai tsumu;
4. gasa fukafukai a kan gawayi, ko a oben, ko a kasko, har su nuna;
5. kare iyali daga cutar da ɗanyen naman kaza ke iya kawowa.

Gabatarwa

Idan aka yanka kaza a gida, cinya da ƙirji ake fara cirewa don manya da baƙi. Fiffike yakan tafi rabon yara, shi da wuya da ƙafafu. Amma duk wanda ya saba da gashi ya san babu sashen kaza da ke karɓar wuta da kayan ƙamshi kamar fiffike. Fatarsa tana da yawa, tsokarsa ba ta da kauri, kitsen da ke ƙarƙashin fatar kuma yana narkewa a hankali ya hana naman bushewa. A Amurka ma an daɗe ana jefa fukafukai a tukunyar romo, har zuwa 1964 da wani gidan abinci a birnin Bafalo na jihar New York ya yi suna da soya su yana shafe su da yaji. Daga nan suka zama abincin da ake zuwa nema musamman.

Tsuma kaza a ruwan lemo kuwa dabara ce da aka sani a ƙasashe da dama. A Senegal akwai yasa, girkin da ya fito daga yankin Kasamas. Kaza ce ake tsumawa a lemon tsami da albasa mai yawa, a gasa ta, sannan a ƙarasa dafa ta a cikin miyar albasar. A Kuba suna da haɗin lemo mai tsami da tafarnuwa da suke kira moho. Mu ma mun saba wanke kaza da kifi da lemon tsami don kashe ƙarni, saboda haka a kan abin da muka sani za mu ɗora.

Abu guda ake so ku riƙe tun daga farko: lemo ɗanɗano yake bayarwa, wuta ce ke kashe ƙwayoyin cuta. Wanda ya bar wa kowanne aikinsa, ya kuma kiyaye lokaci, zai ci nama mai daɗi, iyalinsa su kwana lafiya.

1. Sanin fiffike

Fiffike gaɓa uku ne. Na farko shi ne gindi, wanda ke haɗe da jikin kaza, mai ƙashi ɗaya da tsoka mai ɗan kauri. Na biyu shi ne tsakiya, mai faɗi, mai ƙasusuwa biyu sirara. Na uku shi ne tsini, wanda kusan duk fata ne da guringuntsi. Gindi da tsakiya ake gasawa. Tsini saurin ƙonewa yake yi, don haka a cire shi a tara don romo ko miya.

Wajen rabawa, ba a sare ƙashi. A lanƙwasa fiffiken, a lalubi mahaɗar da yatsa, a sa wuƙa daidai wurin, za ta wuce ba tare da an yi ƙarfi ba. Sara yana barin ɓarɓashin ƙashi a cikin nama, abin da ke da haɗari ga yara.

Irin kazar ma abin lura ne. Kajin gidan gona da ake kiwo don nama ana yanka su ne suna da mako shida zuwa takwas, shi ya sa namansu ke da laushi, yake kuma nuna da wuri. Kazar Hausa kan yi watanni tana kiwo a tsakar gida. Namanta ya fi ɗanɗano, amma ya fi tauri, fukafukanta kuma ƙanana ne. Ita sai an sulala ta kafin ta hau wuta, kamar yadda za mu gani a gaba.

A kasuwa, a nemi fiffike mai tsabtar fata, marar yauƙi, marar wari, wanda babu kore-kore ko taruwar jini a jikinsa. Kada arha ta sa a sayi kazar da aka yanka don ta kamu da ciwo. Idan daskararre aka saya, a narkar da shi a cikin firji, ko a ƙulle shi a leda a sa a ruwan sanyi ana sauya ruwan duk bayan minti 30. Ba a shanya nama a rana don ya narke, domin bayansa zai yi ɗumi ya fara lalacewa alhali cikinsa na nan da ƙanƙara.

2. Lemo da abokan aikinsa

Lemo iri biyu za mu haɗa. Lemon tsami shi ne mai ƙarfi, shi ke kashe ƙarni ya ba nama ɗan kaifin da ke motsa baki. Lemon zaƙi tsaminsa kaɗan ne, yana da sukari da ƙamshi, shi ke sassauta ɗan'uwansa. Lemon tsami shi kaɗai yakan yi wa nama yawa, lemon zaƙi shi kaɗai kuma ba ya ratsa shi yadda ake so.

Lemon zaƙin da muke sha a Arewa mafi yawansa daga jihar Binuwai da maƙwabtanta ake lodo shi zuwa manyan kasuwanni irin su 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano, kuma ya fi yawa da arha a lokacin hunturu. Kada korensa ya ruɗe ku. Sanyin dare ne ke juya ɓawon lemo ya zama ruwan goro, a ƙasashe masu zafi kuwa yakan nuna sarai ɓawonsa na nan kore. A ɗaga shi a tafin hannu: mai nauyi, mai santsin ɓawo, shi ne mai ruwa. Kafin a yanka, a murza shi a kan faranti da tafin hannu, zai fi ba da ruwa.

Ga aikin kowane abu a cikin haɗin:

Tsami. Nama furotin ne, tsami kuma yana sauya furotin. Duk wanda ya ga yadda ake yin awara ya ga wannan: da an zuba ruwan tsami a madarar waken suya, sai ta dunƙule. Haka lemo ke yi wa bayan nama. A sa'o'in farko yana sassauta shi ya yi laushi. Idan aka wuce lokaci, bayan naman zai yi fari ya saki, in an gasa kuma ya bushe ya yi gari-gari a baki. Don haka daɗewa a lemo ba ya ƙara wa nama daɗi.

Gishiri. Tsami da kayan ƙamshi a sama-sama suke tsayawa, ba sa shiga can ciki. Gishiri ne ke ratsa tsoka har kusa da ƙashi, yana kuma taimaka mata ta riƙe ruwanta a kan wuta.

Mai. Ƙamshin ɓawon lemo da na citta da masoro ya fi narkewa a mai fiye da ruwa. Mai ne ke ɗaukar ƙamshin ya shafa wa fata, ya kuma hana ta manne wa waya.

Zaƙi. Zuma ko sukari ne ke sa fata ta yi ja ta yi sheƙi. Amma zaƙi na saurin ƙonewa, shi ya sa kaɗan ake sawa, kuma wuta ba ta son yawa.

Ɓawo. Ƙamshin lemo ya fi taruwa a fatar waje ta ɓawonsa. A wanke lemon sosai, a kankare saman kawai da abin goga kuɓewa. Farin da ke ƙarƙashi ɗaci gare shi, kada a kai gare shi.

Kwanon da za a tsuma nama a ciki ya zama na tangaran, ko gilashi, ko robar abinci mai murfi. Tsami yana cin alminiyam, ya bar wa nama ɗanɗanon ƙarfe.

3. Tsabta: abin da lemo ba zai yi muku ba

Ɗanyen naman kaza, ko da kazar lafiyayya ce, yakan ɗauko ƙwayoyin cuta daga hanjinta a lokacin fiɗa. Biyu da suka fi yawa su ne Salmonela da Kamfilobakta. Ba a ganinsu, ba sa wari, amma suna kawo gudawa da amai da zazzaɓi da murɗawar ciki. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo a kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma ke mutuwa, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin wannan asara idan aka duba yawan jama'a.

Mutane da yawa suna zaton da zarar an wanke kaza da lemon tsami ta tsarkaka. Ƙarni ne ya tafi, ƙwayoyin cuta na nan. Tsamin lemo ba ya isa ya gama da su, sai zafin wuta. Saboda haka a kiyaye waɗannan:

- Kazar da aka yanka a kasuwa dole a wanke mata jini da sauran gashi. A wanke a cikin roba, a hankali, nesa da kwanukan abinci da kayan salak, don kada ruwan ya fantsama. A zubar da ruwan a magudana, a wanke robar da sabulu.
- A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa nama da bayan an taɓa shi.
- Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama ba a yanka kabeji ko tumatir da su sai an wanke su da sabulu.
- Farantin da ya kai ɗanyen nama bakin wuta, ba shi zai dawo da gasasshe ba.
- Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salsiyas. Kada nama ya wuce awa biyu a waje. Idan zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce iyaka. A watannin bazara, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a Sakkwato da Kano da Maiduguri, wannan doka ba ta da sassauci.

4. Kayan haɗi

Wannan awo na kilo ɗaya ne, wato fukafukan kajin gidan gona 10 zuwa 12, abin da zai ishi mutum huɗu.

- Fukafukan kaza: kilo 1
- Lemon zaƙi: 2
- Lemon tsami: 3, da ƙarin 1 na matsawa a ƙarshe
- Ɓawon lemon zaƙi da aka kankare: ƙaramin cokali 1
- Tafarnuwa: ƙwaya 5
- Ɗanyar citta: gwargwadon babban yatsa
- Albasa madaidaiciya: 1
- Attarugu: 1 ko 2
- Masoro dakakke: rabin ƙaramin cokali
- Man gyaɗa: babban cokali 3
- Zuma ko sukari: babban cokali 2
- Gishiri: ƙaramin cokali 1 da rabi

Wanda yake son sa dunƙule ya rage gishiri, domin kusan rabin dunƙulen gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Masu hawan jini su lura da wannan.

5. Haɗawa da tsumawa

1. A raba fukafukan, a wanke, a tsane su a kwando. Ruwan da ya rage a jikinsu yana tsarma haɗin.
2. A tsaga gindin kowane fiffike sau ɗaya ko biyu da bakin wuƙa, don gishiri da zafi su sami hanya.
3. A jajjaga tafarnuwa da citta da albasa da attarugu a turmi.
4. A matse lemon zaƙi da na tsami, a tace 'ya'yan, domin suna sa ɗaci.
5. A haɗa ruwan lemon da jajjagen da ɓawo da masoro da mai da zuma da gishiri, a juya har gishirin ya narke. A ɗanɗana yanzu, tun nama bai shiga ba. Ana so a ji tsami da gishiri sun ɗan fito.
6. A ɗebi kashi ɗaya cikin uku na haɗin a ajiye a kofi mai tsabta, a rufe. Da shi za a shafe naman a ƙarshen gashi.
7. A zuba sauran a kan fukafukan, a cakuɗa, a rufe.
8. Mai firji ya sa a ciki awa biyu zuwa huɗu, a juya sau ɗaya a tsakani. Kada ya wuce awa shida. Marar firji ya ajiye a inuwa minti 30 kawai, ya hura wuta a cikin wannan lokacin. Da yake fiffike ba shi da kauri, rabin awa ma yana ba shi ɗanɗano.
9. A wanke hannu da sabulu. Ruwan lemon tsami idan ya bushe a fata rana ta buge shi, yakan sa fatar ta yi ja ta tashi kamar ƙuna, ya bar baƙin tabo.

6. Hanyoyin gashi uku

Kowace hanya za a bi, a tsame fukafukan, a share jajjagen da ya manne musu, domin tafarnuwa da albasa suna ƙonewa kafin nama ya nuna. A bar su su tsane. Jiƙaƙƙiyar fata ba ta yin ja.

*A kan gawayi.* A hura gawayi a jira harshen wuta ya kwanta, toka ta fara rufe garwashin. A tara garwashi a gefe ɗaya na murhu, ɗaya gefen a bar shi kaɗan. A shafa wa waya mai. A fara jera naman a gefen da wuta ba ta da ƙarfi, ana juyawa duk bayan minti biyar, har minti 20 zuwa 25. Idan kitse ya ɗiga wuta ta tashi, a janye naman gefe har ta lafa. Daga nan a matsar da shi kan wuta mai ƙarfi na minti biyar, ana shafa masa haɗin da aka keɓe da cokali mai tsabta. Sannu ba ta hana zuwa: wuta mai yawa tun farko tana ƙona fata ta bar jini a jikin ƙashi. Gawayi a waje ake hura shi ko inda iska ke ratsawa. A rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba a gani ba a jin warinta, tana kuma kisa. A lura da wannan musamman a lokacin sanyi.

*A oben.* A kunna ya yi zafi zuwa digiri 200. A jera fukafukan ba tare da wani ya hau wani ba. A gasa minti 40 zuwa 45, a juya su idan an kai rabin lokaci, a shafa haɗin a minti goma na ƙarshe.

*A kasko.* A zuba mai kaɗan, a soya kowane gefe minti uku zuwa huɗu har ya yi ja. A rage wuta, a zuba ruwa rabin kofi, a rufe na minti 15. A buɗe, a zuba haɗin da aka keɓe, a riƙa juyawa har ruwan ya ƙafe ya kama jikin naman. Idan mai ya kama da wuta, kada a watsa ruwa. A kashe murhu a rufe kaskon da murfi.

*Idan kazar Hausa ce.* Bayan ta tsumu, a juye ta a tukunya tare da ruwan haɗinta da ƙarin ruwa kaɗan, a sulala a wuta kaɗan har cokali mai yatsu ya shige ta. Sannan a ɗora a kan gawayi na minti goma don ta yi ja ta ɗauki ƙamshin wuta.

Ruwan da ɗanyen nama ya kwanta a ciki ba a shafa shi a gasasshe, ba a kuma dangwala shi. Wanda bai so ya zubar, ya tafasa shi sosai na minti biyar tukuna.

7. Gane nuna, ci da ajiya

Jan fata ba shaidar nuna ba ne, musamman idan akwai zuma. Hukumomin kula da lafiyar abinci na Amurka sun sa digiri 74 a matsayin zafin da ya kamata cikin naman kaza ya kai. Mai ma'aunin zafi na abinci ya soka shi a inda tsoka ta fi kauri, kada ya taɓa ƙashi. Wanda ba shi da shi ya ɗauki fiffike mafi girma ya tsaga har ƙashi. Idan ruwan da ya fito garau ne, tsokar ta yi fari, tana kuma sakin ƙashi da sauƙi, ya nuna. Idan akwai ja ko santsin ɗanye, a mayar da duka kan wuta. Wurin da ya ƙone ƙurmus a yanke a yar.

A sauke, a bari ya huta minti biyar, sannan a matsa lemon tsamin da aka ajiye. Wannan matsawar ta ƙarshe tana dawo da ƙamshin da wuta ta kore. Tana kuma kawo bitamin C, wanda zafi ke lalatawa, kuma shi ne ke taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye. Ana cin wannan gashi da dafa-duka, ko gurasa, ko sinasir, ko soyayyen dankali, tare da kabeji da albasa da tumatir da ɗan yajin ƙuli-ƙuli. A cire wa ƙananan yara ƙashi. Jaririn da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi abin da ke da zuma.

Abin da ya rage a sa a firji kafin awa biyu, a cinye cikin kwana uku. Idan an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kimanin awa huɗu. Wajen ɗumamawa, sai ya yi zafi har ciki yana tururi. Gidan da babu firji ya gasa daidai abin da za a cinye.

Karatu: Goggo da 'yar ɗan'uwanta

"Goggo, gobe 'yan'uwan maigidana za su zo cin abincin rana. Na ce bari in jiƙa fukafukan tun yau da daddare, su kwana su tsumu."

"A ina za su kwana, 'yar nan?"

"A kicin, Goggo. Firjin ba wuta tun jiya. Amma ai na sa lemon tsami da yawa, ba abin da zai same su."

"A'a, ɗiyata. Da wannan zafin, kafin asuba sun zama abin zubarwa, ko da hancinki bai ji komai ba. Ko da firjin na aiki ma, kwana a lemon tsami ɓata nama yake yi."

"To ya zan yi ke nan?"

"Ki bar sayen naman sai da safe. Ki jiƙa shi rabin awa kina hura gawayi. Ki kuma ɗebi na shafawa ki ajiye tun naman bai shiga ba."

"In na ga sun yi ja sai in sauke?"

"Sai kin tsaga babban cikinsu kin ga ƙashi. Baƙi da yara za ki ciyar, amana ce a hannunki."

"Na gode, Goggo. Allah ya ƙara girma."

"Amin. Allah ya yi miki albarka."

Lissafi

1. Kilo 1 yana isar mutum 4. Kilo nawa ake buƙata don mutum 12?
2. Lemon zaƙi nawa da lemon tsami nawa za a matsa a haɗin wannan adadi?
3. An sa nama a firji da ƙarfe 10:30 na safe, ana so ya tsumu awa uku. Ƙarfe nawa za a fito da shi? Idan gashi zai ɗauki minti 45, ƙarfe nawa za a sauke?
4. Ku rubuta farashin kowane kayan haɗi a kasuwarku, ku tara jimla, ku raba ta huɗu don sanin kuɗin rabon mutum ɗaya.

Taƙaitawa

Fiffike sashe ne mai yawan fata da ke son gashi a hankali. Lemon tsami da lemon zaƙi suna ba shi laushi da ɗanɗano, gishiri ya ratsa shi, mai ya ɗauki ƙamshi, zaƙi ya sa shi ja. Tsumawa awa biyu zuwa huɗu ce a firji, ko minti 30 a waje. Lemo ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Tsabtar hannu da kayan aiki, raba ɗanye da dafaffe, da gasawa har ƙashi su ne kariyar iyali.

Tambayoyi

1. Ku faɗi gaɓoɓin fiffike uku. Wanne ake cirewa, kuma me ya sa?
2. Me ke faruwa da nama idan ya daɗe a ruwan lemon tsami?
3. Don me ake keɓe wani kaso na haɗin kafin a zuba nama?
4. Ta yaya za a gane fiffike ya nuna idan babu ma'aunin zafi?
5. Wane bambanci ke tsakanin gasa kazar Hausa da ta gidan gona?
6. Me ya sa Goggo ta hana a bar nama ya kwana a kicin?

Aikin gida

Ku rabu rukuni-rukuni na mutum huɗu. Kowane rukuni ya gasa rabin kilo ta ɗaya daga cikin hanyoyin uku, ya rage awon kayan haɗi zuwa rabi. Ku rubuta lokacin da kuka jiƙa naman, lokacin da ya hau wuta, lokacin da ya sauka, da matakan tsabta da kuka bi. A darasi na gaba kowane rukuni zai karanta wa aji abin da ya rubuta.